Babu Laifi Don Dixie Dregs Sun Sa Kiɗan Karkara a Faifansu na Farko

Kwanakin baya muna hira a kan tsofaffin fayafayan Amurka, sai wani ƙanen abokina da ke koyon kaɗa jita, wanda ya san kiɗan Turawa na shekarun 1970 fiye da yawancin tsararrakinsa, ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi: "Yaya, da a ce Dixie Dregs sun cire kiɗan ƙauyen nan daga faifansu na farko, da babu mai ja da shi. Ta yaya mutanen da suka yi karatun kiɗa a jami'a za su ɓuge da kaɗa abin da ake rawa da shi a dandalin ƙauye?"

Maganar ta dame ni ne saboda ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Shekaru da dama ke nan masu son kiɗan da Turawa ke kira progressive rock, wato rok mai sarƙaƙiya, suna kallon kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, a matsayin abin kunya, abin da ƙwararren makaɗi zai taɓa ne kawai idan yana son ya bai wa mutane dariya.

Ra'ayina shi ne wannan kallo kuskure ne, kuma kuskuren ya samo asali ne daga raina mutanen da ke da kiɗan, domin idan aka bi kiɗan kansa da kunnen adalci ba za a sami dalilin rainin ba. Kantirin da ke cikin Free Fall, faifan da ƙungiyar makaɗan Amurka ta Dixie Dregs ta fitar a 1977, yana daga cikin abubuwan da suka ba shi daraja, kuma da an cire shi da abin da zai rage bai wuce kwaikwayon makaɗan Ingila da na birnin New York ba.

Ga wanda bai saba da wannan fanni ba, rok mai sarƙaƙiya ya yi tashe ne a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960. Ƙungiyoyi irin su King Crimson, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1969, da Yes da Genesis da Emerson, Lake & Palmer, sun ɗauki kiɗan rok suka cusa masa tsarin kiɗan gargajiyar Turai na manyan ɗakunan taro da kuma na jaz, suka riƙa sauya kari a tsakiyar kiɗa, suka tsawaita waƙa har ta kai minti ashirin. Shi kuwa kantiri kiɗa ne na kudancin Amurka da yankunan karkararta, wanda ya ginu a kan gogen Turawa da banjo da jita.

Abin da ke cikin faifan

Tushen Dixie Dregs yana garin Augusta na jihar Jojiya, inda Steve Morse mai jita da Andy West mai jitar bas suka fara kiɗa tare tun suna samari. A sashen koyon kiɗa na Jami'ar Miami ne ƙungiyar ta cika, inda aka haɗu da Rod Morgenstein mai ganga da Allen Sloan mai goge. Steve Davidowski ne ya riƙe kayan kiɗa masu madannai a faifan farko. Kamfanin Capricorn na garin Macon, wanda ya yi suna da Allman Brothers Band, shi ya ɗauke su, kuma shi ya fitar da Free Fall.

Babu muryar mawaƙi a faifan, kiɗa ne zalla. A "Cruise Control" jita da goge da madannai suna miƙa wa juna kiɗa cikin gudun da ba ya barin mai sauraro ya numfasa. "Northern Lights" kuwa a natse yake, ya fi kusa da kiɗan gargajiyar Turai. Sai "Moe Down", wanda shi ne yaron ke ƙorafi a kansa, kiɗan rawar karkara na kudancin Amurka da aka kaɗa shi da gaske, ba tare da an sassauta masa ko an yi masa ba'a ba.

Duk wanda ya taɓa ganin jitar da Morse ya yi amfani da ita a wancan zamani zai gane cewa kantiri ba baƙo ba ne a hannunsa. Gangar jikinta ta Telecaster ce, jitar da makaɗan Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, suka fi ɗauka saboda kaifin muryarta, wuyanta kuma na Stratocaster ne, sannan ya jera mata na'urorin ɗaukar sauti da dama domin ya iya sauya murya a tsakiyar kiɗa. Hannunsa na dama yana bugun kusan kowane sauti ɗai-ɗai, ƙasa da sama, maimakon ya bar yatsun hagu su ja sautin su sauƙaƙa masa aiki. Wannan salo ne na masu kaɗa taken goge a kan jita a duwatsun kudancin Amurka, kuma da shi yake kaɗa har sassan da ba su yi kama da kantiri ba. Saboda haka ko da an goge "Moe Down" daga faifan, kantirin yana nan a cikin sauran, kamar yadda daddawa take a miya bayan ta narke, babu cokalin da zai tsamo ta.

An ce kantiri kiɗa ne mai sauƙi

Hujja ta farko da masu wannan ra'ayi ke kawowa ita ce kantiri bai wuce haɗin sauti uku da ake ta maimaitawa ba, alhali rok mai sarƙaƙiya an ƙirƙiro shi ne domin a guje wa irin wannan sauƙi.

Gaskiya ne cewa waƙoƙin kantiri da yawa da ake sakawa a rediyo masu sauƙin tsari ne, kuma da gangan aka yi su haka domin labarin da mawaƙi ke bayarwa ya fito fili. Amma wanda ya yanke hukunci daga nan bai saurari ɓangaren makaɗan ba. A 1945 Earl Scruggs ya shiga ƙungiyar Bill Monroe da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku, salon da har yau ɗalibai ke shafe shekaru kafin su iya shi da tsafta. Merle Travis da Chet Atkins sun riƙa kaɗa ƙasan kiɗa da babban yatsa, suna fitar da taken waƙa da sauran yatsu a lokaci guda, kamar mutum biyu ne ke riƙe da jita ɗaya. Doc Watson, makaho daga jihar North Carolina, ya ɗauko taken goge masu gudu ya mayar da su kan jita ba tare da ya zubar da ko sauti ɗaya ba.

Haɗa kantiri da jaz ma ba Dixie Dregs suka fara shi ba. Tun a shekarun 1930 Bob Wills da ƙungiyarsa a Texas da Oklahoma suke cakuɗa su, sannan a shekarun 1950 Jimmy Bryant da Speedy West suka yi fayafayan kiɗa zalla waɗanda gudunsu da ƙwarewarsu ke ba makaɗan yau mamaki. Idan ma'aunin shi ne wahalar kiɗa a hannu da zurfin dabara, to Morse ya ɗebo ne daga rijiyar ƙwararru, kuma ya san haka sarai.

Akwai kuma wani abu da kantiri ke tilasta wa makaɗi wanda rok mai sarƙaƙiya ke yawan sakaci da shi. A kiɗan rawar karkara ana ba kowane makaɗi ɗan taƙaitaccen fili ne, ya faɗi abin da zai faɗa ya miƙa wa na kusa da shi, kuma masu rawa za su gane nan take idan ƙafarsa ta goce. Ina ganin daga nan Dixie Dregs suka koyi taƙaitawa. Babu kiɗa ko ɗaya a Free Fall da ya cinye gefen faifai guda, kuma duk da haka abin da suke ƙunsawa a minti uku ko huɗu ya fi abin da wasu ke shimfiɗawa a minti goma sha biyar.

Me ya sa aka yafe wa mutanen Ingila?

A nan ne hujjar masu ƙorafi ta fi rauni, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci.

A 1972 Emerson, Lake & Palmer sun saka wani kiɗa mai suna "Hoedown" a faifansu Trilogy, kuma ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kaɗawa a dandali. Sun ɗauko shi ne daga aikin Aaron Copland, mawallafin kiɗa ɗan Amurka, wanda ya tsara shi a 1942 domin wasan rawa mai suna Rodeo. Shi kuma Copland bai ƙirƙiro babban taken ba. Wani mai goge ne daga jihar Kentucky, William Stepp, ya kaɗa shi a 1937 aka naɗa domin adanawa a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, daga baya aka rubuta shi a takarda, Copland ya gani ya ɗauka kusan yadda yake.

Wato taken gogen wani mutumin karkara ya bi ta hannun mawallafin birni, ya tsallaka teku, ya faɗa hannun samarin Ingila masu tarin na'urori, sai aka tafa aka ce an ci gaba. Da samarin da suka tashi a Jojiya suka kaɗa irin wannan kiɗa kai tsaye, da goge da jita, shekara biyar bayan haka, sai aka ce sun koma baya. Ban ga wani bambanci a kiɗan da zai sa a yi wa ɗaya jinjina a yi wa ɗaya tsaki ba, in ban da cewa na farko ya zo da shaidar manya.

Ba wannan kaɗai ba ne. Steve Howe na ƙungiyar Yes bai taɓa ɓoye cewa Chet Atkins na cikin waɗanda ya koyi jita daga sauraronsu ba, kuma kiɗansa "Clap" da ke cikin The Yes Album na 1971 shaida ce bayyananniya. A shekarar da Free Fall ya fito, Jethro Tull sun fitar da Songs from the Wood, faifan da ya cika da kiɗan karkarar Ingila da al'adunta, kuma masoya suka karɓe shi hannu bibbiyu. Karkarar Ingila ta cancanci shiga rok mai sarƙaƙiya ke nan, amma ta Amurka ba ta cancanta ba. Wannan hukunci ne a kan talakawan kudancin Amurka, waɗanda 'yan birni suka daɗe suna yi wa kallon jahilai.

Mu nan bai kamata mu ari wannan raini ba, domin ba mu da shi tun asali. Iyayenmu da yayyenmu da dama sun saurari Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton a rediyo da kaset, a shaguna da cikin motocin haya, kuma kiɗan masu natsuwa suka ɗauke shi. Wanda ya tashi a gidan da ake jin waɗannan muryoyi, sannan ya girma ya fara kiran kantiri ƙauyanci, daga rubuce-rubucen wasu ya kwaso hukuncin, ba daga kunnensa ba.

'Yan jami'a ne, ina ruwansu da karkara?

Akwai hujja ta daban da ta fi waɗancan nauyi, kuma daga ɓangaren masoya kantiri take fitowa. Suna cewa waɗannan ba manoma ba ne, ba 'ya'yan masu haƙar kwal ba ne. A jihar Ohio aka haifi Morse a 1954, Morgenstein ɗan New York ne, Sloan kuwa horon kiɗan gargajiyar Turai ya samu, kuma babban abin koyinsu a lokacin shi ne Mahavishnu Orchestra, ƙungiyar John McLaughlin mai haɗa jaz da rok. Saboda haka, in ji su, kantirin nasu riga ce ta aro.

Na yarda cewa ana yin irin wannan aro na rashin mutunci, inda ɗan boko zai ɗauki kiɗan talaka ya yi ado da shi, ya nuna cewa ya fi ƙarfinsa. Sai dai ana gane mai yin haka, domin yakan kaɗa abin sama-sama, ya ƙara masa shiririta, sannan ya watsar da shi da zarar ya samu abin da yake so. Dixie Dregs ba su watsar ba. A What If na 1978 akwai "Gina Lola Breakdown", a Night of the Living Dregs na 1979 akwai "The Bash", wanda suka kaɗa a gaban masu sauraron bikin jaz na Montreux a ƙasar Suwizalan, a Dregs of the Earth na 1980 kuma akwai "Pride o' the Farm". Daga baya Mark O'Connor, wanda ya lashe gasannin gogen kantiri na ƙasa tun yana yaro, ya shiga ƙungiyar ya kaɗa a faifansu na 1982. Mutum irin wannan ba zai zauna cikin masu yi wa sana'arsa izgili ba.

Bayan haka, Morse a Augusta ya yi samartakarsa, kuma masu sauraronsu na farko mutanen kudu ne. Abin da mutum ya ji a rediyon garinsu da wuraren taruwarsu yana da shekara goma sha biyar ya zama nasa, ko da a wani wuri aka yanke masa cibiya.

Sunan Dixie da batun launin fata

Ba zan tsallake wannan ba, domin mai karatu baƙar fata yana da haƙƙin ya tambaya. Dixie suna ne na jihohin kudu, kuma yana ɗauke da tarihin bauta da yaƙin basasar Amurka da wariyar da ta biyo baya. Kantiri ma an daɗe ana sayar da shi a matsayin kiɗan farar fata, tun lokacin da kamfanonin faifai na shekarun 1920 suka raba kasuwa gida biyu bisa launin masu saye. Wanda sunan ya sosa masa rai yana da dalili, kuma ba zan ce masa ya manta ba.

Amma kiɗan kansa bai taɓa zama mallakin farar fata su kaɗai ba. Banjo ya samo asali ne daga kayan kiɗa masu tsirkiya na Afirka ta Yamma, dangin su gurmi da molo, waɗanda bayi suka sake ƙerawa a tsibiran Karebiyan da Amurka. DeFord Bailey, baƙar fata ne, yana cikin taurarin farko na Grand Ole Opry, shirin kiɗan kantiri na rediyo a Nashville. Bill Monroe ya yaba wa Arnold Shultz, wani baƙar fata mai jita da goge, a matsayin wanda ya yi tasiri a kansa, kuma Hank Williams ya koyi jita a wurin Rufus Payne, shi ma baƙar fata. A 1962 Ray Charles, mawaƙi baƙar fata, ya cika faifai guda da waƙoƙin kantiri, faifan kuma ya yi kasuwa matuƙa. Idan muka juya wa kantiri baya da sunan kishin launi, mun bar wa wasu gādon da kakanninmu ke da kaso a cikinsa.

Har ma ƙyamar da aka yi wa kayan kiɗan ta yi kama da tamu. Masu wa'azi a kudancin Amurka sun daɗe suna danganta goge da shaiɗan saboda wuraren rawa da shaye-shaye da ake kaɗa shi, kamar yadda a ƙasar Hausa ake kallon gidan goge, alhali ƙwarewar mai gogen ba ta raguwa saboda wurin da aka ajiye shi.

To ai faifan bai yi kasuwa ba

Haka ne, Free Fall bai yi wani ciniki na a zo a gani ba. Amma ɗora wa kantiri laifin haka rashin adalci ne. Faifai ne da babu waƙa a cikinsa, ya fito a shekarar da kiɗan disko ya mamaye Amurka, matasan Ingila kuma suka rungumi kiɗan punk na su Sex Pistols, wanda ya zo da ƙyamar duk wani abu mai kama da nuna gwaninta. Kamfanin Capricorn kansa ya durƙushe a 1979, ƙungiyar ta koma kamfanin Arista, ta rage sunanta zuwa The Dregs a 1981, ta gwada saka mawaƙa a 1982, duk da haka ba ta zama ta 'yan kasuwa ba.

Abin da ya rage shi ne shaidar makaɗa. Masu karanta mujallar Guitar Player sun zaɓi Morse a matsayin gwanin jita na gaba ɗaya shekara biyar a jere. Ya shiga ƙungiyar Kansas a tsakiyar shekarun 1980, sannan Deep Purple daga 1994 har zuwa 2022. Dream Theater, waɗanda ake kallo a matsayin jagororin wannan fanni a zamanin baya-bayan nan, sun kaɗa wani sashe na "Cruise Control" a faifansu na 1995. A 2018 mutum biyar ɗin da suka yi Free Fall suka sake haɗuwa suka zagaya Amurka, shekara arba'in da ɗaya bayan fitowarsa, kuma suka sami masu zuwa kallo.

Inda nake da ƙorafi

Ba na cewa faifan ba shi da aibi. Sautin naɗinsa bai kai na What If ƙarfi da cika ba, wanda Ken Scott ya tsara, mutumin da ya yi aiki da Beatles da David Bowie da Mahavishnu Orchestra. Akwai kuma wuraren da ake jin ƙuruciya, inda ƙungiyar ke tsalle daga wannan salo zuwa wancan kamar tana son ta nuna duk abin da ta iya kafin lokaci ya ƙure.

Babban ƙorafina kuwa kishiyar na masu suka ne. A Free Fall, kantirin da ya fito fili an killace shi a waje ɗaya, an ba shi ɗakinsa, sauran salon ma kowane da nasa. Wannan rabo shi ya ba masu raini damar su nuna kiɗa guda da yatsa su ce a cire. Na so a ce tun a faifan farko sun bar taken gogen karkara ya shiga tsakiyar manyan kiɗe-kiɗensu masu sauya kari, ya riƙe ragamarsu, maimakon ya tsaya a yatsun Morse da kuma fili guda da aka keɓe masa. Wannan aiki sai a ƙarshen shekarun 1980 Béla Fleck ya ɗauke shi gadan-gadan, lokacin da ya kafa Flecktones ya sa banjo a gaban ƙungiyar jaz, kuma masu sauraron da suka cika masa ɗakuna sun nuna cewa Dixie Dregs suna da sararin da za su ƙara matsawa tun a 1977 da sun so.